Sirdin Haladu Mai Banda

Duk wanda ya yi zama a Zugu ya san Haladu Mai Banda, kuma da wuya ka sami wanda zai ce maka yana son sa. Mutum ne mai kaushin baki. In ka gaishe shi ya amsa a taƙaice, in ba ka gaishe shi ba ya tsaya ya tambaye ka ko a gidanku ba a koya maka ba. Ni tela ne, rumfata tana bakin kasuwa. Ɗinki aikin hannu da ƙafa ne, kunne ba ya yin komai, shi ya sa mutane ke zama wurina su yi ta magana. Da haka na ji labarin Baba Haladu, wani daga bakinsa, wani daga bakin ƙanensa Halilu. Ba su taɓa zama a rumfata lokaci ɗaya ba. In ɗaya ya hango ɗaya a zaune sai ya wuce.

Tun yana saurayi Haladu ya faɗo daga kan gawo, ya hau ne da rani yana saro wa awaki ganye. Ya karye a kwankwaso. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ya kama a karkace, gefen hagu ya sauka ƙasa da na dama. Daga nan ɗingishi ya zauna masa. Ba ya iya duƙawa da galma ya daɗe, ba ya iya doguwar tafiya, in ya matsa wa kansa sai ya kwana biyu a kwance. Ubansu ya danƙa gona a hannun Halilu, shi kuma Haladu aka sayar da maraƙi aka saya masa tsohon keke, don kada ya zauna ƙofar gida yana kallon mutane.

Keken nan shi ya zame masa ƙafa. A ƙasa gurgu ne, amma in ya hau ya taka feda ba wanda zai ce akwai abin da ya same shi. Ya kama fataucin bandar kifi. Yakan je Gummi wurin masunta, ya cika kwando, ya rufe da buhu, ya ɗaure a kariya da robar tsohon tif, ya bi ƙauyuka yana sayarwa har Bukkuyum da Adabka, ranar kasuwar Anka kuwa da shi ake ci. Abu ɗaya ya dame shi da farko, wurin zama. Sirdin da ya zo da keken an yi shi ne don mutumin da mazaunansa suke daidai. Shi kuwa nauyinsa duk a gefe ɗaya yake sauka, kafin ya kai Bukkuyum ƙashin ya fara masa zugi.

A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama ya hau mota ya tafi Gusau neman sirdin fata irin na waje. Wannan tafiyar yana son ba da labarinta, kuma kusan ita kaɗai ce yake faɗa ba tare da ya zagi kowa ba, in ka ɗebe mai kantin.

"Tela, kai allura kas sani," in ji shi. "Mai kanti yaz zubo min su, shina nuna min mai sheƙi. Nic ce mishi ba madubi niz zo saye ba. Sirdi ba daga sama aka duban shi ba. Kihe shi kake yi, ka dubi cikinshi. In ka ga gashi-gashi na tashi kamar tsohon bargo, wannan daga cikin sa anka yanko ta, wata biyu ta saki. Ta gadon baya kake so, mai kauri, lumui. Ka danna da babban yatsa, in ta lotsa aje ta. Ka ƙwanƙwasa, ka ji ta yi ƙara kamar ƙwarya. Sannan ka shinshina."

"Har da shinshinawa, Baba?"

"Kai in ka sayi nama ba ka shinshinawa?"

Ya zaɓi ɗaya mai kusoshin jan ƙarfe, mai tauri kamar katako. Ya ce daminar farko ya sha azabar da bai taɓa sha ba tun karayar. Ya yi ta hawa yana sauka, cinyarsa ta saɓule ta warke ta sake saɓulewa. Amma a lokacin da ƙuruciya a jikinsa, ya daure. A hankali fatar ta fara ba shi wuri. Gefen hagu ya yi rami mai zurfi daidai ƙashin da ya karkace, gefen dama ya tsaya a sama ya tallafe shi. Wani in ya kalli sirdin sai ya ce ya lalace. Shi kuwa in ya zauna a kai sai ya manta yana da kwankwaso. Kekuna sun tsufa a ƙarƙashinsa ya canza, sirdin nan bai canza ba.

Yadda yake kula da shi ya zama abin magana a gari. Man kaɗanya yake haɗawa da kakin zuma, ya laƙato kaɗan da kan yatsa ya shafa ta ciki, shi ma sai can ba a rasa ba. Ya ce mai da yawa kashe fata yake yi. In ruwa ya taɓa shi a inuwa yake bushewa, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba. Akwai noti a ƙarƙashin hancin sirdin wanda ake ɗaurewa in fata ta saki, shi kuwa sai shekara ta zagayo bai taɓa shi ba, in ma ya taɓa ɗan motsi kaɗan ne. In hadari ya taso a hanya, hularsa yake cirewa ya rufa masa, kansa ya sha ruwa. Wurin ƙetare gulbi a kwantar da keke a cikin jirgi, sirdi kuwa yana kansa. Da 'yar sifana a wuyansa tare da laya, duk inda ya tsaya sai ya kwance sirdin ya saƙale a hammata, har masallaci da shi yake shiga.

Matan kasuwar Bukkuyum in sun hango shi sai su ce, "Haladu, ya kwanan jariri?"

"Ya hi naku lahiya," in ji shi, "shi ba ya majina."

Matarsa Tabawa ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ranar da ta tattara kayanta ta koma gidansu ta faɗa wa mata cewa ta gaji da zama da mutumin da ke shafa wa fatar sa mai, ita kuwa dugaduganta na faso bai taɓa gani ba. Bai je biko ba, bai kuma sake aure ba. Ya ci gaba da zama a ɗakinsa cikin gidan gado, tare da mahaifiyarsu da kowa ke kira Inna, da Halilu, da matar Halilu, Hasana, ɗiyar Fulanin wata ruga ta wajen Adabka.

Abin da ya raba 'yan'uwan nan ya faru ne wata ranar da Haladu bai fita ba, yana zaure yana goge sarƙar keke bayan azahar. Halilu ya shigo a guje.

"Yaya, ba ni keke. Hasana na durƙushe tun hantsi, ungozoma ta ce abin ya hi ƙarhinta. In tai Bukkuyum in kira malamin asibiti."

Haladu ya daina goge sarƙar. Ya ciro sifana daga wuya, ya kwance sirdi, ya sa a hammata, ya tura masa keken da ƙarfe tsirara a wurin zama.

"Ga shi."

"Bisa mi zan zauna?"

"Keke kac ce in ba ka."

"Yaya, maganar rai hwa aka yi."

"To tsaya nan ka yi ta gardama da ni. Kai gindinka daidai yake, ga nauyi, ga gaggawa. Ka hau min shi zuwa Bukkuyum ka dawo, ka take min ramin da nish shekara ina yi. Taka a tsaye, yara ma na yi."

Halilu ya tuɓe rigarsa ya naɗe kan ƙarfen, ya hau ya tafi a tsaye. A wani wuri mai rairayi taya ta kafe, ya koma baya da ƙarfi ya faɗa kan ƙarfen, rigar ta zame, ya tsage a cinya. Haka ya shiga Bukkuyum, ba riga, wando jina-jina, yara na binsa. Malamin asibiti ya goyo shi a babur suka zo. Allah ya sa Hasana ta sauka lafiya, aka sami mace. Keken kuwa Halilu ya bar shi jingine a bangon asibiti, ya ce mai shi ya je ya ɗauko. Sai da Haladu ya roƙi mai jaki ya kai shi, da sirdinsa a hammata.

Ranar suna Halilu ya raba goro gida-gida, bai aika ɗakin wansa ba. Bayan kaka ya sari kara ya ja darni ya raba tsakar gida biyu. Daga ranar ya daina ce masa Yaya, sai dai "mai banda", kamar wani baƙo.

Na taɓa tambayar Baba Haladu a hankali ko da ya ba da sirdin ran nan da me zai faru.

"Na hana shi keke?" ya ce. "Ban hana ba. Ya tai? Ya tai. Ta haihu? Ta haihu. Shi ƙafa biyu gare shi da gona. Ni mi gare ni?"

A raina na ga akwai gaskiya a maganar, amma kuma na tuna tabon da Halilu ya taɓa ɗage wando ya nuna mini.

Shekaru suka wuce a haka. Sai wata damina kurkunu ya kama Haladu, kuma a ƙafar dama, wadda ita ce mai lafiyar. Idon sawu ya kumbura ya fashe, tsutsar ta fito, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Ba hawa keke, ba ko tsayuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure inda iska ke shiga, nan yake wuni yana zagin ƙuda da duk wanda ya zo duba shi. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta iya daka. Ita ta sa Hasana ta riƙa kai masa abinci, ko da mijinta bai so ba.

Hasana mace ce mai kunya irin ta gidansu. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da wan mijinta ba, ba ta taɓa faɗar sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Takan durƙusa daga bakin zaure ta ajiye kwano ta juya. Ita ke dafa ruwan gashin ƙafar, ita ke wanke tsumman da ake ɗaurewa, ta aiko 'yarta da su. Wata rana ta shiga ɗakinsa shara, ta ga rufi yana yoyo daidai inda sirdin ke rataye a turke. Ya yi hunhuna, fari da kore, ciki da waje.

Da wani ne, taku kaɗan zai yi zuwa zaure ya tambaya. Ita ba za ta iya ba. Sai ta je wurin Inna.

"Inna, abin nan na Babba ya yi hunhuna." Babba suke ce masa su biyun, don ita ma Inna ba ta faɗar sunan ɗanta na fari.

"To gyara shi mana, ɗiyata, kada ya tashi ya gani ya cinye mu da rai."

Hasana ta ɗauko sabulun salo da soso ta wanke shi tas, ta ɗora a kan darni ya wuni a rana. Da la'asar ta sauko da shi ya ƙandare kamar ganda, ya yi fari-fari, har da ƙananan tsaga. Hankalinta ya tashi. A rugarsu in igiyar fata ko takalmi ko jaka ta bushe, magani ɗaya ne, man shanu. Akwai wanda uwarta ta aiko mata don yarinya. Ta narka shi, ta shafe sirdin sama da ƙasa, ta mayar rana ya shanye, ta ƙara, ya shanye, ta yi ta ƙarawa har ya daina sha. Ya yi baƙi, ya yi sheƙi, ya yi laushi kamar kuncin jariri. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta mayar ta rataye a wani turken da ba ya yoyo, ta ja ƙofa.

Ɓeraye suka ji ƙanshi. Kafin Haladu ya tashi daga jinya sun gaigaye gefen baya, sun bar shi kamar bakin tsohon faifai.

Ya ce tun daga bakin ƙofa ya ji warin man. Ya ɗauko sirdin ya ɗaura a keke, ya dogara da bango ya hau, ya taka zuwa ƙarshen lungu. Fatar ta nutse da shi har ya ji ƙarafunan ƙasa a ƙashinsa. Ramin hagu babu shi, tudun dama babu shi, duk ya zama tsumma ɗaya. Ya sauka ya sa sifana a notin hanci ya fara ɗaurewa, abin da ya san bai kamata ba. Ya ɗaure, ya ƙara, fatar ta yi ta miƙewa, sai ta yage daga kusoshin gaba.

Ranar duk unguwa an ji shi. Ya tsaya a bakin darni da sirdin a hannu.

"Halilu! Hito nan, munahuki! Ka jira sai ina kwance kat turo matarka!"

Halilu ya fito yana cin rogo. "Mi ya hwaru, mai banda?"

"Dubi! Dubi abin da kunka yi min!"

"Da ni nay yi niyya, rijiya zan jehwa shi, in huta da wanki." Ya kalli sirdin, ya ciji rogo. "Ai ya yi kyau. Yanzu ko baƙo ya zo ka iya ba shi aro."

Haladu ya jefe shi da sifanar, ta wuce ta bugi tulu. Inna ta fito tana lalube tana salati. Hasana na bayanta a durƙushe, ta juya fuska ga bango, ga Inna take magana amma kowa na ji.

"Inna, ki hwaɗa ma Babba ni nay yi, ba wanda yas sa ni. Man da uwata ta aiko ma ɗiyata nis sa mishi, duka, ko laƙace ban rage ba. Ki hwaɗa mishi wata nawa ina wankin tsumman ƙafarshi, ban ji ya ce sannu ba. In na ɓata abu, ban sani ba."

"Ki hwaɗa mata, Inna," in ji Haladu, "da ta bar ni da yunwa da ya hi min."

Ya hau mota ya kai sirdin Gummi wurin Tsoho baduku, wanda ya gaji ɗinkin fata kaka da kakanni. Tsoho ya juya shi, ya matse, mai ya fito a yatsunsa.

"Wanga ya mutu, Haladu. Wa yay yi mishi wanka da miya?"

"Ɗinki niz zo, ba tambaya ba."

"In na ɗinke nan, ya yage can. Man ya shiga har zuciyarshi."

Lokacin kuwa kayan waje sun yi wuya. Ya duba Gummi, ya duba Anka, ya ba direbobi saƙo Gusau da Sakkwato. Duk inda aka je sirdin roba ne, mai soso a ciki da sifirin a ƙasa. Ya gwada ɗaya. Roba ba ta koyon jikin mutum, in ka tashi ta koma yadda take, kuma tana lilo da shi dama da hagu, ƙashin na gogawa. Bai kai ƙarshen gari ba ya sauka. An samo masa wani tsohon na fata a Anka, amma wani ya riga ya zauna shi shekara da shekaru, ramukansa biyu daidai wa daida. Haladu ya ce ba zai zauna a gurbin gindin wani ba, kuma ko ya so ba zai iya ba.

Daga ƙarshe Tsoho ya ce zai gwada abu ɗaya. Ya samo kirgi mai kauri daga gadon bayan bijimi, ya yanka, ya ninka biyu, ya buga shi da kusoshi a kan tsohon ƙarfen sirdin.

"Ji nan," ya ce. "Ka jiƙa shi da sahe, ka hau da danshi, ka zagaya gari kaɗan, ka sauka, ka aje shi inuwa. Gobe haka, jibi haka. Ba kaya, ba nisa. Sai ya karɓe ka. Kai ba yaro ba ne yanzu."

"Har yaushe?"

"Har ya karɓe ka, nic ce."

Haladu ya fara yadda aka ce. Amma labari na zuwa masa cewa masuntan da ya saba da su sun fara ba wani kifinsu, matan Anka da ke jiransa sun daina tambaya. Rami bai ko fara fitowa sosai ba ya ce ya isa. Ya je Gummi da mota ya yo kaya, ranar kasuwar Anka ya ɗaure kwando a kariya ya kama hanya tun da safe.

Rana ta ɗaga, kirgin ya bushe a ƙarƙashinsa ya koma katako. Ya ce da farko zugi ne irin wanda ya sani. Daga baya ƙafar hagu ta mutu, ba ya jin feda. Ya ci gaba da ta dama, wadda kurkunu ya bari da rauni. Wajen Sunke ya karkata ya faɗi da keke da kwando. Ya ja jiki zuwa gindin wata tsamiya, ya kasa tashi. Masu dawowa daga kasuwa suka gan shi, suka ba shi ruwa, suka kawo labari gida.

Inna ta yi ta kuka har Halilu ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi. Ya same shi da la'asar a kishingiɗe, banda a warwatse, ya tattara wadda ya iya kaiwa da hannu.

"Tashi ka hau, Inna ta aiko ni."

"Ban hawan jakinka."

"To kwana nan."

"In kwana. Ina ruwanka?"

Halilu ya tsaya ya dube shi. Sai ya ɗaure jakin a saiwar tsamiyar, daidai inda hannun Haladu zai kai. Ya tsince sauran kifin ya mayar kwando, ya tayar da keke, ya miƙe kansa da ya karkace. Ya ɗaga ƙafa ya haye, ya zauna daram a kan sabon sirdin da dukan nauyinsa.

"Sauka! Halilu, sauka min bisa sirdi! Allah ya isa!"

Halilu ya kaɗa ƙararrawa ya tafi. A zaune ya zo har gida, ya jingine keken a zaure. Haladu ya iso bayansa a kan jaki, wani Bafillace mai kiwo ne ya ɗora shi.

Ya yi kwanaki a kwance. Da ya tashi bai sake ɗora ƙafa a feda ba. Wai ɗan ramin da ya fara samu Halilu ya take shi, haka ya ce. Tsoho kuwa ya gaya mini ko ba a take ba, ƙashin ne ya gama, ba zai ƙara jure sabon sirdi ba. Inna ta kawo shawara a ba Halilu keken ya riƙa zuwa Gummi da rani, a raba abin da aka samu, tunda masunta sun san gidan. Halilu bai ƙi ba. Haladu ya ce a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani. Washegari ya zauna a zaure da sifana ya wargaza keken. Tayar gaba ya ba wani mai faci daga Bukkuyum, ta baya ta tafi Adabka, sarƙa da feda wani ɗan Anka ya ɗauka. Bai yarda mutum ɗaya ya ɗauki abu biyu manya ba, don kada a sake haɗa shi a garin.

Wata rana Halilu na zaune wurina ina rage masa wando, sai ya ce, ba tare da na tambaye shi ba, "Ka san ran nan na gan ta?"

"Wa, Baba Halilu?"

"Hasana. Na dawo gona na ishe ta da kasko tana shafa mishi mai. Ni na san man shanu na kashe shi, tun muna yara nike jin shi yana hwaɗi. Ban sa ta ba. Ban kuma hana ta ba. Nis sha ruwa nik koma gona." Ya miƙa hannu ya taɓa bakin wandon. "Ƙara rage shi kaɗan."

Na rage. Ban kai maganar nan ko'ina ba a lokacin, don ban ga wanda za ta amfana ba. Hasana har yanzu ita ke aika wa Haladu tuwo ta hannun 'yarta. Yana ci, ya mayar da kwano, ba ya cewa komai.

Yanzu iyakar duniyarsa daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bakin kasuwa, da sanda. Yana shimfiɗa buhu kusa da rumfata ya kasa gishiri da kanwa waɗanda wasu ke kawo masa. Kwanan baya wani saurayi mai babur, wanda ya kama fataucin banda, ya tsaya ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce an ce masa shi ya san masuntan Gummi, wane ne ba ya cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando.

"Ka tai ka nema," in ji Haladu. "Ni wa yag gwada min?"

Saurayin ya tashi ya buga babur ya tafi. Haladu ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya yi ta gyara kashin gishirin da ba abin da ya same shi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tela, gulbin Gummi ya cika bana?"

Na ce ban sani ba, ban je ba.

"Kai ma ba ka da amfani," ya ce. "Ja buhun nan ciki, rana ta iso ni."